Koren Man da Baffa Sani Ya Aiko

A gidanmu na Aliero, idan damina ta ɗauke, aka kai gero rumbu, sanyi ya fara saukowa da yamma, to lokacin hira a ƙofar ɗakin Inna Tumba ya yi. Inna Tumba ita ta haifi babana. Da an idar da sallar isha'i takan fito da 'yar kujerarta, ta sa mu kwaso karan dawa, a hura wuta a wani tsohon kasko mai tsaga a gefe. Sai ta tura dankali cikin toka. Ban taɓa ganin ta ƙirga ba, amma kullum kowa ɗaya yake samu. Mu jikoki mu zagaye ta, hannuwanmu na warin albasa, domin lokacin dashe ne, kuma a garinmu ba wanda ya yi ƙanƙanta da dashen albasa.

Shekarata goma a lokacin, ina aji biyar na firamare. Sunana Hauwa'u, ana ce mini Kulu. Ba ni da magana. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, a gida kuwa yayata Luba ce ke yi mana maganar mu biyu, har ta yi rara. Wurin zamana a hira shi ne bayan kafaɗar Inna ta hagu, inda hasken wuta bai cika kaiwa ba. Daga nan nake kallon yadda take murza carbinta da hannu ɗaya tana gyara wuta da ɗayan, da yadda takan lumshe ido kafin ta fara, kamar mai jiran tatsuniyar ta iso daga nesa.

"Ga ta nan tahe, ta biyo hanya," za ta ce.

Mu amsa, "Ta iso, mu matsa mata."

Kunnen Inna na dama ya daɗe da mutuwa, na hagun ne kawai ke ɗan ji, shi ma sai an kusanto. Wannan ne ya sa aikin kai mata saƙon Baffa Sani ya faɗo kaina, tunda ni ce kullum a wannan gefen.

Baffa Sani ƙanen babana ne, autan Inna. Ya bar gida a shekarar da ruwa ya cinye mana fadama. Ya bi ta Agadas ya shiga Libiya, aka yi watanni ba labari, sai daga baya muka ji ya ƙetare tekun Bahar Rum, yana aikin gona a wani tsibiri da ake kira Sisili. Ranar da aka gaya wa Inna, sai ta tambaya, "Tsibiri awa na Yawuri, da aka zuwa da kwalekwale?" Baba ya ce ya fi haka girma nesa ba kusa ba, mota kan yi rabin yini tana gudu a cikinsa. Ta ce, "To wanga ba tsibiri ba na. Ƙasa ta, ruwa ya tare mata hanya."

Kowace Juma'a Baffa yakan turo saƙon murya a wayar Baba. Doguwar magana yake yi, irin ta wanda ya kwana biyu bai sami abokin Hausa ba. Baba yakan saurari gaisuwa, ya ji lafiya lau, sai ya miƙo mini wayar ya tafi fadama. Ni kuma in laɓe bayan rumbu in saurara sau biyu, in riƙe komai a kaina, domin wayar ba ta da wuri, da na mayar Baba zai goge. Da yamma in matsa kunnen Inna in zuba mata.

A kakar shekarar nan na san abin da ake yi a wancan tsibiri kamar na je. Baffa ya ce daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa a wurinmu, a lokacin yake fara sauka a wurinsu, muna girbi suna huɗa. Ya ce baƙi masu zuwa shan iska sun watse, bakin teku ya koma na 'yan gari, tsofaffi maza da mata kan fito da safe su shiga ruwa, don har yanzu da ɗuminsa. Inna ta ce, "Tsohuwa awa ni? Allah shi kyauta." Ya ce bayan ruwan farko mutane kan fita da bokiti suna tsintar dodon koɗi a gindin katanga, su dafa su ci. Inna ta tofar da yawu ta ce in gaya masa kada ya kuskura. Ya ce a bakin titi ana gasa wasu 'ya'yan itace masu ɓawo, ɗanɗanonsu tsakanin dankali da gurjiya, ana zuba wa mutum a takarda yana tafe yana ɗumama hannu. Ya ce da yamma tsuntsaye kan sauka garke-garke su huta, da safe su tashi su yi kudu, shi kuma ya tsaya yana kallonsu yana cewa wataƙila a fadamar Aliero za su sha ruwa. A kan wannan, carbinta kawai Inna ta ja.

Tambayarta ɗaya ce kullum: "Sun san albasa?" Da Baffa ya amsa cewa suna da wata ja mai zaƙi, suna kitsa ta su rataye a bango, sai ta ce, "Kitso! Albasar da ba ta kwana cikin rudu ba, wasan yara ta." Rudu shi ne rumfar karan da muke adana albasa a ciki har ta yi daraja, kuma a wurin Inna duk ƙasar da ba ta da shi ba ta gama wayewa ba.

Babban aikin kaka a can shi ne zaitun, kuma shi Baffa yake yi. Ya ce sukan shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiya, su hau da wani abu mai kama da mataji su tsefe rassan, 'ya'yan su zubo. Kafin rana ta faɗi a loda a kai injin matsa, kowane iyali na tsaye suna jiran nasu man ya fito. A wani saƙo ya yi dogon bayani a kan sabon mai. Ya ce kore ne shar, da duhu-duhu kamar ruwan tafki, kuma idan ka haɗiya yakan kama maƙogwaro. Mutanen can sukan ɗiga shi a burodi mai zafi da gishiri tun a bakin injin, in mutum ya yi tari sai a yi ta murna, don tarin ne shaidar mai ya yi kyau. Sai ya ce, "Kun ji yadda ake yi," ya yi tari sau biyu yana dariya.

Na saurari wurin nan har sau uku. Dariyar na ji, amma tarin ya fi tsaya mini. Mijin Inna, kakanmu, tari ne ya yi ajalinsa, kuma na sha ganin yadda take ɗaga kai idan wani ya yi tari a gidan. Na ce a raina, in na ambaci tari ba za ta yi barci ba. Da yamma na ba ta labarin raga da mataji da injin, na tsallake sauran. A ganina na yi dabara.

Daga wannan Juma'ar sai saƙo ya ɗauke. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Baba ya kira, wayar a kashe. A mako na uku wani mutumin Jega da ke aiki a can ya zo ganin gida, ya kawo mana kaya daga Baffa: gora ɗaya ta roba, an naɗe ta da tsumma da salatif. Shi ma ya ce rabonsa da Sani tun ranar da ya karɓi gorar, ya ji dai sun tashi zuwa wata gona a kan duwatsu.

Da la'asar aka buɗe a tsakar gida, kowa na tsaye. Mu dai man zaitun mun san shi. A 'yar kwalba yake zuwa, ruwan ɗorawa, garau, ana sayensa wurin masu maganin Musulunci a kasuwar Jega, a shafa wa mai ciwon gaɓa ko a yi tofi a ciki. Ba abinci ba ne, kuma ba kore ba ne. Mama ta shiga ɗaki ta ɗauko tata kwalbar, aka jera su. Na Baffa ya yi kama da ruwan da gansakuka ta kwanta a kai. Baba ya zuba a cokali ya kai baki. Bai gama haɗiyewa ba tari ya sarƙe shi, har da hawaye.

"Wanga ya lalace," in ji shi. "Ko dai an cuce shi, ko kuwa ragowar da aka zubarwa ce ya kwaso. Gobe in zuba shi masai, kada yara su sha."

Luba ta ce, "Baba, a ba injin ban-ruwa mana, ko shi ma sai ya yi tari?" Aka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Ta karɓi gorar ta jujjuya, ta shinshina bakin, ta ce a bar mata ita ta kwana ɗakinta. Sannan ta faɗa a hankali, ba da kowa take ba, "In wanga shi na abin da ya hi kyau da ɗana ya samu ya aiko ma uwa tai, to mi shi ka ci?"

Ina tsaye jikin turmi. Na buɗe baki, na ga Baba, na ga Mama, na ga maƙwabta biyu da suka shigo kallo, sai na rufe. Ban taɓa gyara wa Baba magana ba. Kuma in na faɗa, sai an tambaye ni dalilin da ya sa ban faɗa tun farko ba. Da na ɗago, idon Inna na kaina. Ta ɗauke shi kamar ba ta gani ba.

Ranar ba ta ci tuwo ba. Mun ɗauka ba za a yi hira ba, sai ga ta ta fito da kujerarta bayan isha'i, gorar na hannunta, ta ajiye kusa da ƙafarta. Ta tura dankali cikin toka, ta lumshe ido, muka yi wa tatsuniya wuri.

Ta ce akwai wani Bafillace wanda ba shanu yake kiwo ba, gizagizai yake kiwo. Da damina yakan kawo garkensa saman ƙasarmu ya yada zango, ya riƙa tatsarsu, abin da ke zuba shi ne ruwan da muke noma da shi. Idan gero ya nuna sai ya naɗe bukkarsa, ya kora su arewa, su ƙetare rairayi, su ƙetare ruwan gishiri, zuwa wata ƙasa a tsakiyar ruwa inda mutane ke zaune suna jiransa da garma a hannu. A Giwa Tazo, garin da aka haifi Inna, wai akwai wata tsohuwa mai 'ya'ya maza, autansu ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya ce shi ba zai zauna yana kallon sama ba komai ba, zai bi garken ya ga inda suke kwana. Tsohuwa ta ƙulla masa fura ya tafi. Da damina ta zagayo makiyayi ya dawo, auta bai dawo ba. Makiyayi ya ce ya baro shi a gindin wasu itatuwa masu ganye ruwan toka, ya kama aiki.

Ana nan sai auta ya sami wata belbela cikin masu bin garken, ya ba ta 'yar buta da saƙon baki, ya ce ta kai wa uwarsa. Belbela ta ɗauko buta a baki, ta yi ta tafiya, ba halin magana. Ta saba da shirun, har da ta iso ta ajiye butar ma bakin bai buɗe ba. Ta koma gefe ta tsaya da ƙafa ɗaya. Tsohuwa ta buɗe buta, ta ga wani koren ruwa mai ɗaci. Ta kai wa maƙeri, ya ce dafi ne. Ta kai wa masunci, ya ce ruwan kududdufin da ɗanta ke sha ne. Ta kai wa wata tsohuwa 'yar'uwarta, ta ce hawaye ne, haka yake komawa in ya daɗe a hanya. Tsohuwa ta dawo gida ta zauna, ga buta, ga belbela.

Nan Inna ta tsayar da tatsuniyar. Ta ɗauki kara tana tona toka.

"Sai mi, Inna?" in ji Luba.

"Ban sani ba."

"Haba Inna, tatsuniyarki ce fa!"

"Tawa ta, amma iyakar abin da na sani ke nan, sarkin surutu. Sauran na bakin belbela. In ta so ta buɗe, in ta so mu kwana haka."

Ba ta dube ni ba. Ba ta kira sunana ba. Kafaɗarta kawai ta ɗan karkato, kunnen hagun ya matso kusa da bakina, kamar yadda take yi ranar Juma'a. Wutar ta yi ƙasa, wani ya ƙara kara, ta tashi.

"Inna," na ce, "bai lalace ba."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsuhwa."

"Bai lalace ba! Haka sabo yake. Baffa ya faɗa."

Sai maganar ta ɓalle. Na faɗi koren, na faɗi duhun, na faɗi burodi da gishiri a bakin injin, da yadda ake murna in mutum ya yi tari. Na ce Baffa ma ya yi tarin a cikin saƙo, da gangan, yana dariya, ni ce na ɓoye don kada ta damu. Ina kaiwa nan kuka ya zo mini.

"Yi min irin tarin," in ji Inna.

Na yi, sau biyu, cikin kuka. Yara suka fashe da dariya. Inna ta ce, "Wanga ba tarin ciwo ba na. Tarin ƙoshi na. Luba, kira min ubanku."

Baba ya zo yana gyara hula, aka sa na maimaita a gabansa, ina kallon ƙasa. Ya ce, "Ke kuwa Kulu, mi ya hana ki faɗi tun da rana?" Inna ta ce, "Bar ta. Kai da aka turo ma saƙon, ka saurara?" Baba ya sosa ƙeya.

Ba mu da burodi. Inna ta tono dankali ɗaya, ta ɓare shi yana tururi, ta sa aka kawo gishiri, ta tsiyaya man a kai har ya gangaro mata a yatsu. Ta yi bisimilla ta ci. Muka zuba mata ido. Ta tauna, ta haɗiye, sai tari, ɗaya, biyu, har uku. Ta share ido da bakin zane tana dariya, ta ce, "Na hi shi da ɗaya." Daren nan kowa ya ci dankalinsa da koren mai, ana gasar tari, har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko lafiya. Man yana da ƙamshi kamar ɗanyar ciyawar da aka yanka da safe. Baba ya ci, ya ƙara, amma bai sauka daga ra'ayinsa duka ba, ya ce abin da aka ambata a Alƙur'ani bai kamata a ƙarar da shi a kan dankali ba. Inna ta raba gardama, ta ce rabi na baki, rabi na gwiwarta.

Luba ta ce ba a rufe tatsuniya ba. Inna ta ce, "Belbela ta yi magana, tsohuwa ta ci tuwo. Tatsuniya ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta kama hanya." Sannan ta sa aka ɗumama mata tuwon da ta bari.

Bayan kwana tara saƙon Baffa ya shigo. Wayarsa ce ta faɗo daga kan bishiya ta fashe, kuma a gonar kan duwatsu ba inda zai gyara. Tambayarsa ta farko ita ce ko mun ci man, ko mun ɓoye shi a ƙarƙashin gado muna jiran ciwo. Wannan karon na kai wa Inna saƙon duka, har da tsokanar. Da na gama ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ɗan aike ba shi tankaɗe. Ki kawo da tsaki da gari, mai shi ya san abin da za shi yi da su."

Yanzu ina ajin ƙarshe a makarantar kwana a Jega, kuma har yau ba ni da yawan magana. Na daɗe ina ɗaukar abin da ya faru daren nan a matsayin labarin kunya, wato Inna ta koya mini buɗe baki. Sai bara na gane ba shi ke nan ba. Inna ta kwanta ciwo a farkon rani, jikin ya yi nauyi. Baba ya miƙo mini waya ya ce in yi wa Baffa saƙo, in ce jikin da sauƙi, kada a ɗaga masa hankali yana nesa. Na san tausayi ne ya sa shi faɗin haka, irin tausayin da ni ma na taɓa yi. Na zagaya bayan rumbu na daɗe a tsaye. Sannan na danna, na gaya wa Baffa abin da idona ya gani: ta daina tashi salla sai a zaune, ta bar goro, kuma jiya ta kira Baba da sunan Baffa, ta ce masa Sani. Da na mayar da wayar na gaya wa Baba abin da na faɗa. Ya dube ni, ya karɓi wayar ya sa a aljihu.

Baffa ya riga ya sami takardun zama a can a lokacin, ya iya zuwa. Ya iso ya same ta da ranta, suka yi kwana goma sha ɗaya tare. Ranar da ya shigo ɗakin ba ta iya ganinsa sosai, sai ta kama tafin hannunsa tana shafawa, ta ji kantar da ke ciki, ta ce, "Alhamdu lillahi. Hannun manomi na har yanzu."

Nakan yi tunanin cewa da ta kira sunana a gaban mutane ranar nan, ta ce Kulu faɗi abin da kika sani, da na faɗa, amma da tsoro na faɗa, kuma da ban koyi komai ba. Ita kuwa ta zauna da yunwa, da zullumin ɗanta a ranta, ta ƙirƙiro makiyayi da garke da tsuntsuwa, duk don ta ba yarinya 'yar shekara goma hanyar da za ta bi ta fito da kanta. Ban taɓa yi mata godiya da baki ba, ban iya ba. Allah Ya jiƙan Inna Tumba, Ya kai mata wannan saƙon duka, ba tare da an rage komai ba.